Dutse da Alƙalami: Nazarin Kabarin Bitrus na Verona da Yadda Ƙasar Shehu ke Tuna Shahidanta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ɗaya daga cikin fitattun kaburburan da Nasaran Turai suka sassaƙa a ƙarni na 14, wato kabarin Bitrus na Verona da ke birnin Milan na ƙasar Italiya, wanda aka fito da kisan mai shi a jikin dutsensa. An auna aikin da ma'aunin nassi da na fiƙihun Malikiyya, aka kwatanta shi da hanyar da malaman Daular Usmaniyya suka bi wajen tuna waɗanda suka faɗi a fagen fama. Daga nan maƙalar ta dubi Damri da maƙwabtanta a jihar Zamfara, inda batun tuna waɗanda aka kashe bisa zalunci ya zama lamarin yau da kullum.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, kowace al'umma da aka zubar da jinin mutanenta saboda abin da suka yi imani da shi takan nemi hanyar da za ta hana mantuwa cinye su. Nasaran Turai na tsakiyar zamani sun zaɓi dutse da gizago. Malaman ƙasar Hausa sun zaɓi tawada da takarda. Ɗalibin ilmi yakan wadatu da sanin cewa shari'a ta hana sassaƙa surar mai rai da yin gini a kan kabari, ya rufe littafi. Sai dai sanin hukunci kawai ba ya nuna wa mutum hikimar da ke ƙarƙashinsa, kuma wanda bai san hikimar hani ba yana iya faɗawa cikin abin da aka hana ta wata ƙofar da bai zata ba. Saboda haka ne aka ɗauki wannan kabari aka dube shi da idon basira, tare da kiyaye ladabin da aya ta 46 ta Suratul Ankabuti ta shimfiɗa wajen jayayya da Ma'abota Littafi.

2.0 Mai Kabarin da Kabarin

An haifi Bitrus a birnin Verona a farkon ƙarni na 13. Ya shiga ƙungiyar ruhubanawa masu wa'azi da Dominik ya kafa, ya yi suna wajen yaƙar Katarawa, wata ƙungiya da Cocin Rum ke ɗauka a matsayin 'yan bidi'a. A 1251 Fafaroma Innocent na huɗu ya naɗa shi mai binciken 'yan bidi'a a yankin Lombardiya. Ranar 6 ga Afrilu 1252, yana kan hanya daga Komo zuwa Milan, wani mutum mai suna Karino da aka biya domin aikin ya tare shi a daji ya sare shi a ka. Abokin tafiyarsa shi ma ya sami rauni, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Ba a cika shekara ba, a watan Maris na 1253, Fafaroma ya ayyana Bitrus a matsayin waliyyin coci.

Sai bayan fiye da shekara 80 aka yi masa kabarin da ake magana a kai. Gwanin sassaƙa Giovanni di Balduccio, mutumin Pisa, shi ya yi aikin, ya sa masa hannu a 1339, aka mayar da gawar ciki a 1340 a cocin Sant'Eustorgio. Ya yi koyi da kabarin Dominik da ke Bolonya, wanda Nicola Pisano ya sassaƙa tsakanin 1264 da 1267. Akwatin gawar na farin marmara ne, an ɗora shi a kan ginshiƙai takwas na jan dutse, a jikin kowane ginshiƙi akwai surar mace da ke wakiltar wata kyakkyawar ɗabi'a: adalci, kamewa, jarunta, hangen nesa, biyayya, kyakkyawan fata, imani da ƙauna. Jikin akwatin an raba shi gida takwas, kowane gida da labarinsa. Akwai warkar da bebe, da girgijen da aka ce ya yi wa masu sauraren wa'azinsa inuwa, da warkar da marasa lafiya, da kisansa, da jana'izarsa, da ayyana shi waliyyi, da ceton wani jirgin ruwa, da sauya wa gawarsa wuri. A kan murfin an sassaƙa surar wasu daga cikin waɗanda suka ba da kuɗin aikin, a can ƙololuwa kuma surar Maryamu da ta Annabi Isa (AS) bisa ƙudurin Nasara.

Wannan kabari ba shi kaɗai ba ne. A Abila ta ƙasar Sifen akwai na Bisente da 'yan'uwansa mata biyu daga ƙarni na 12, a Basalona kuma akwai na Yulaliya daga ƙarni na 14, duk an fito da azabar da aka yi musu a jikin dutse.

3.0 Abin da Aikin ya Cimma

Adalci ya wajabta a fara da abin da aikin ya yi nasara a kai. Ta fuskar gwaninta, Balduccio ya san abin da yake yi. Ɗaga akwatin a kan ginshiƙai ya sa mai ziyara yana ɗaga kai kafin ya ga labarin, kuma dole ya kewaya kabarin kafin ya kammala karanta shi. Jera ɗabi'u takwas a ƙarƙashi wata hujja ce da aka gina da dutse: ana so a ce halayen mutumin ne suka ɗauke shi zuwa wannan matsayi. Wanda bai iya karatu ba yana fita daga cocin da sunan mamacin da labarinsa a kansa. Wannan ita ce hujjar da Fafaroma Giregori na farko ya kafa wajen shekara ta 600 a wasiƙarsa ga limamin cocin Marsai, inda ya ɗauki hoto a matsayin littafin wanda bai yi karatu ba. Taron malaman coci na biyu da aka yi a Nikiya a 787 ya ƙara da cewa girmama hoto daban, bauta daban.

Kuma babu musun cewa dabarar ta yi aiki. Bayan shekara fiye da 770, an san ranar da aka kashe Bitrus, da wurin, da sunan wanda ya kashe shi, da na wanda ya mutu tare da shi. Duk mai sukar wannan kabari ya riƙe wannan a ransa, domin za a dawo kansa.

4.0 Abin da Dutsen ya Ɓoye

Matsala ta farko ita ce zaɓe. Cikin gidaje takwas, guda ɗaya ne kawai ya nuna kisan. Sauran sun tafi ga abubuwan al'ajabi da bukukuwan coci. Mai kallo ba zai gane cewa wanda aka kashe jami'i ne na wata kotu da ke farautar masu saɓanin aƙida ba, kuma Katarawan da aka ƙona a wurare dabam-dabam na Turai a wannan ƙarni ba wanda ya sassaƙa musu ko tsakuwa a wancan zamani. Wannan ba ya halatta kisan gilla da aka yi wa Bitrus. Abin da yake nunawa shi ne marmara tana da tsada, kuma wanda ke da kuɗin sayenta shi ke zaɓar wanda za a kira shahidi. Surar masu ba da kuɗi da ke kan murfin shaida ce a kan haka: kabarin mamaci ya zama allon tallar rayayyu.

Matsala ta biyu ita ce yanke hukuncin gaibu. Gidan da ya nuna Fafaroma yana ayyana waliyyi yana faɗa wa mai kallo cewa wata hukuma a duniya ta tabbatar da makomar mutum a lahira. A Musulunci ba a ba kowa wannan hatimi ba bayan yankewar wahayi. Imamu Buhari ya ƙulla babi a Kitabul Jihadi a kan cewa ba a yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin shahada, kuma hadisin Abu Huraira (RA) da ke Sahihu Muslim ya sanya wanda ya yi yaƙi domin a kira shi jarumi cikin farkon waɗanda za a hukunta ranar alƙiyama. Ana yi wa wanda ya faɗi a fagen fama hukuncin shahidi a zahiri, ana kyautata masa zato, amma niyya tana wurin Allah.

Matsala ta uku ita ce mafi zurfi, kuma ita ce dutse ba zai taɓa iya warwarewa ba. Karino, wanda ya yi kisan, ya tsere daga hannun hukuma, daga baya ya tuba ya shiga ƙungiyar da Bitrus yake ciki, ya ƙare rayuwarsa yana hidima a gidansu da ke Forli, har mutanen garin suka riƙa girmama shi bayan mutuwarsa. An sassaƙa kabarin ne bayan duk wannan ya faru. Amma a jikin marmara har yau yana tsaye a sa'ar laifinsa, ba zai sauke hannu ba har dutsen ya ruguje. Sassaƙa tana kama lokaci guda ta daskarar da shi, ita kuwa tuba tana buƙatar kafin da bayan.

Masu karatun Sira za su tuna da Wahshi. Shi ya kashe Sayyidina Hamza (RA) a Uhudu. Ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, ko da yake ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi saboda zafin rashin. Daga baya Wahshi ya yi tarayya wajen kashe Musailamatul Kazzabi a Yamama. Buhari ya kawo labarin duka daga bakin Wahshin kansa: laifin, da tubar, da raɗaɗin da bai gushe ba, da aikin da ya biyo baya. Riwaya ta ɗauki abin da gizago ba ya iya ɗauka. Da an sassaƙa Uhudu a kan kabarin Hamza, da Musulmi sun shekara 1400 suna kallon wani sahabi riƙe da mashi.

5.0 Ma'aunin Nassi da Mazhaba

Shari'a ba ta jahilci irin wannan gini ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Annabi (SAW) labarin wata kanisa mai hotuna da suka gani a Habasha, sai ya bayyana cewa al'adar mutanen ce su gina wurin ibada a kan kabarin mutumin kirki su yi masa surori, ya kuma yi kakkausar suka ga masu yin haka. Tafsirin Ibnu Abbas (RA) ga aya ta 23 ta Suratu Nuhu ya nuna matakan da abin ke bi: mutanen kirki suka mutu, aka kafa musu alamu domin tunawa, waɗanda suka san dalilin suka shuɗe, ilmi ya gushe, sai aka bauta musu. Hadisin Jabir (RA) a Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, na Abul Hayyaj daga Sayyidina Aliyu (RA) kuma ya haɗa shafe surori da daidaita kaburbura masu tudu a umarni guda.

Abin lura shi ne tsoron da nassi ya bayyana ya tabbata a tarihin Nasara kansu. Rikicin farfasa hotuna ya girgiza daular Rumawa ta gabas a ƙarni na 8 da na 9, kuma a ƙarni na 16 masu neman gyara a Turai sun zargi irin waɗannan kaburbura da zama wuraren bautar wanin Allah. A 1538 Sarki Henri na takwas na Ingila ya sa aka rushe hubbaren Tomas Beket da ke Kantabari, ko da yake siyasa da kwaɗayin dukiyar wurin suna cikin dalilansa.

Malikiyya sun bi hanya madaidaiciya. Risalar Ibnu Abi Zaid ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi. Muhtasar na Shaihu Halil ya ƙara bayani: idan an yi domin alfahari ya zama haram, amma ya halatta a sa alama kamar dutse ko itace domin a bambance kabarin. Asalin wannan shi ne dutsen da Annabi (SAW) ya ajiye a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un (RA) domin ya riƙa gane shi, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Ke nan shari'a ta hana ƙawa da ƙetare iyaka, ba ta yi umarni da mantuwa ba. Alƙur'ani da kansa ya dawwamar da labarin mutanen rami a Suratul Buruji, waɗanda da yawa daga malaman tafsiri suka ce muminai ne mabiya Annabi Isa (AS) na Najran. Ibnu Hisham kuma ya jera sunayen shahidan Badar da na Uhudu ƙabila-ƙabila.

6.0 Hanyar Malaman Sakkwato

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma Faru ta yankin Maradun tana cikin wuraren da ya zauna. A littafinsa Ihya'us Sunna ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza da maƙabarta, ya soki shafar kaburbura da ɗibar ƙasarsu domin neman tubarraki. Ba a daɗe ba jama'arsa ta sami shahidai masu yawa. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an rasa kimanin mutum 2000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa.

Babu wani gini da aka tayar a kan waɗannan bayin Allah. Abin da aka yi shi ne rubutu. Muhammadu Bello ya kawo labarin yaƙe-yaƙen a Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi na Gwandu ya yi wa abokansa marsiyya a Tazyinul Waraƙati a 1813 yana ambaton wasunsu da suna, Nana Asma'u kuma ta mayar da marsiyya makarantar tarbiyya, tana lissafa halayen mamaci domin mata da yara su yi koyi. Aikin da surori takwas na ƙarƙashin kabarin Milan ke yi, shi baitocinta ke yi, ba tare da an sassaƙa fuska ba. Har buƙatar jin karamomi, wadda ta cinye rabin akwatin Bitrus, ta sami mazauninta a littafin Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo, inda mai karatu ke da damar tambayar wanda ya ruwaito da yadda aka ji.

Sai dai gaskiya ba ta da ɓangare. Ƙasar Shehu ma tana da hubbarori: na Shehu a Sakkwato inda aka rufe shi a 1817, na Abdullahi a Gwandu, na Bello a Wurno. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya rasu a 1842 bayan yaƙin Tsibiri, yana kwance a Katuru ta ƙasar Zamfara, har sunan garin ya zama laƙabinsa. Ba a sassaƙa surar kowa a waɗannan wurare ba, kuma wannan bambanci ne babba. Amma wasu abubuwan da jahilan masu ziyara ke yi su ne Shehu ya hana da alƙalaminsa, kuma saɓanin malaman ɗariƙa da na Izala a kan hubbare sananne ne. Darasin Timbuktu ya isa gargaɗi ga kowane ɓangare: rushe hubbarorinta da makami a 2012 bai karantar da kowa tauhidi ba, ya dai kai Ahmad al-Faƙi al-Mahdi gaban kotun duniya, wadda ta ɗaure shi shekara tara a 2016. Gyaran irin wannan aikin malamai ne da hukuma, da hujja da haƙuri.

7.0 Damri

A watan Mayu na 2022 'yan bindiga sun afka wa Damri ta ƙaramar hukumar Bakura da ƙauyukan da ke kusa da ita, rahotanni suka ambaci mutum 48 da aka kashe. Hadisi ingantacce ya ba wanda aka kashe yana kare dukiyarsa matsayin shahada, riwayar ma'abota Sunan kuma ta haɗa da mai kare ransa da iyalinsa. Ana yi musu fatan haka. Tambayar ita ce yadda ake tuna su.

A nan ne kabarin Milan yake tuhumar masu sukarsa. Mutum guda da aka kashe a 1252 an san komai nasa, mutum 48 da aka kashe shekarun baya kaɗan sun zama adadi. Yankin ya taɓa ganin sakamakon irin wannan sakaci: manoman da aka kashe a rikicin madatsar ruwa ta Bakolori a watan Afrilu na 1980, har yau ana jayayya a kan yawansu, hukuma ta faɗi kaɗan, wasu sun faɗi ɗaruruwa. Inda babu sunaye a rubuce, mai ƙarfi ne ke yanke adadi.

Abin da ya cike gurbin ya fi sassaƙa muni. Da zarar an kai hari, hotunan gawarwaki sukan bazu a Facebook da WhatsApp, tsiraici a buɗe, raunuka a fili, kafin iyalan su sami labari. Mutumin da zai yi tir da gunkin marmara shi ne ke tura irin wannan hoto ga mutum ɗari. Duk aibin da aka lissafa a sama yana cikinsa: yana daskarar da mamaci a mafi munin sa'arsa, yana shafe rayuwarsa ta baya, yana hura wutar ramuwa a kan ƙabila sukutum. Ya ma rasa abin da Balduccio ya kiyaye, wato suna da mutunci. Shari'ar da ta daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye, ta kuma yi umarni da suturta gawa, ba za ta yarda da wannan ba. Ɗaukar hoto domin miƙa wa alƙali ko mai bincike wani abu ne dabam, kuma yana da iyakokinsa.

8.0 Kammalawa

Kabarin Bitrus na Verona aiki ne na gwani, an gina shi a kan tushen da Musulmi ba zai karɓa ba, kuma aibinsa ya wuce batun sura kawai: yana zaɓe, yana yanke gaibu, yana rufe ƙofar tuba. Amma buƙatar da ya amsa ta gaskiya ce, kuma barin dutse ba uzuri ba ne na barin alƙalami. Abin da ya kamaci limamai da malaman Islamiyya na Bakura da Maradun da Talatar Mafara shi ne kowane masallacin Juma'a ya buɗe kundi a rubuta sunan duk wanda aka kashe, da sunan mahaifinsa, da rana, da wuri, da waɗanda ya bari. A sa wa kaburbura alamar da mazhaba ta halatta. A yi huɗuba a kan yaɗa hotunan gawa. Kundin nan shi zai zama hujjar magada ranar da za a zauna shari'a ko sulhu, domin tubar mai laifi ba ta kayar da haƙƙin jini, kuma shi zai nuna wa masu zakka ƙofar marayu. Sassan nazarin addini na jami'o'i suna da ɗaliban da za su iya tattara wannan aiki, kamar yadda Bello da Abdullahi suka yi wa mutanen Tsuntsuwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya. Allah ne Mafi sani.